Jibirin Direkta da Kwanar Gada

Shekarar da korona ta rufe ofisoshi, Jibirin na cikin waɗanda kamfanin jigilar kaya na bakin tashar jirgin ruwa ya ce su koma gida na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ya shiga wata na biyar. Amma kullum da safe sai ya goge takalmi, ya ɗaura naktaye, ya saɓa jakar da babu komai cikinta sai cajar waya, ya fito bakin layi yana duba agogo kamar akwai mai jiransa. Babu. Mu 'yan layin muka sa masa Direkta, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don Jibirin ba ya gane zolaya in dai ta zo da girma a goshinta.

In ka tambaye shi me yake yi yanzu, sai ya ce, "Consultant nake."

"Na me?"

"Na duk abin da ya tsaya wuri ɗaya."

Abin da ya fi tsaye masa a rai kuwa shi ne na'urar gem ta gwaggonsa, Hajiya Tasalla mai ɗinki. Marigayi mijinta ya sayo ta a gwanjo a kasuwar Marché Congo, ita da wata talabijin mai doro. Tana ajiye su a rumfar ƙofar gida, lulluɓe da ragowar atamfa saboda laimar Douala da ke cin ƙarfe da ɗanyensa. Gem ɗaya ne a ciki, tseren babur. Sunansa na kwali ba wanda ya riƙe, mu dai Tseren Tudu muke ce masa. An ce masu yin sa sun kai na goma sha biyu. Namu na uku ne. A kwanakin nan ƙarfe huɗu ake tashin kasuwa, don haka da an yi la'asar sai 'yan kasuwa su zo su wanke hannu a bokiti mai famfo, su zazzauna nesa da juna, manet, wato abin riƙewa mai maɓallai da ake sarrafa gem ɗin da shi, tana zagayawa daga hannu zuwa hannu.

Bari in gaya muku abin da duk layin ya sani, ban da Jibirin. In aka gama tsere, na'urar tana nuna jerin sunaye goma, na sama kuma BOBBO ne, minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Baffa Ɓoɓɓo Bafillace ne daga Ngaoundéré, yana cikin na farkon da suka fara ɗaukar fasinja a babur a garin nan, tun kafin bakin mutane ya saba da kalmar bensikin. Ya kafa wannan lokaci mako guda kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye, shekara tara ke nan. Tun ranar bai ƙara hawa babur ba, bai ƙara riƙe manet ba. Amma kullum la'asar sai ya jawo ƙafa da sanda, ya zauna a kujerarsa ta katako, ya zuba wa talabijin ido.

Maganar gaskiya, lokacin nasa ba abin tsoro ba ne. Ya kafa shi ne zamanin da ba wanda ya iya gem ɗin. Na ukun nan kuwa gem ne mai tausayi: ko ba ka juya kan babur ba, shingen gefen hanya zai yi ta tura ka har gida, muddin yatsanka na kan maɓallin totur. Abin da ya hana sunan sauka shi ne, akwai wata kwana daf da ƙarshe, wajen wata gada, kuma duk wanda ya iso ta sai ya ɗaga yatsa. Babur ya yi sanyi, daƙiƙa uku ko huɗu su wuce. Sai Baffa ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Rago! Kwanar gada ta maza ce!" Kowa ya fashe da dariya, mai wasan ya girgiza kai kamar abin ya ƙona masa rai. Ba wanda ya taɓa zama ya kafa wannan doka. Mun dai san wannan "rago" ɗin ce take fito da tsohon daga ɗaki, kuma ranar da sunan ya sauka ba mu san me zai fito da shi ba.

Jibirin bai taɓa zama a rumfar ba lokacin da yake da ofis. Yanzu da ya rasa wurin zuwa, ya kwana uku yana tsayawa a bayanmu da ɗan littafi yana rubuce-rubuce. Rana ta huɗu ya rufe littafin, ya gyara murya.

"Na gano cutar."

Alhaji Zailani, mai shagon yadi a Marché Congo, shi ne ke riƙe da manet. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ta korona? Sai mu kai ka rediyo, Direkta."

"Ta gem ɗin nan. Shekara tara babu wanda ya karya tarihi! Vous vous rendez compte? Kun san girman abin kuwa? Mutum goma sha bakwai na ƙirga, duk a kwanar gada suke mutuwa. Gem mai dogon zango kamar ɗan Adam yake, dole ya girma. Na farko rarrafe, na biyu tatata, na goma sha biyu ya kamata ya riƙa tashi sama. Ku kun ɗaure kanku a na uku kamar akuya a turke."

"Akuyar tana ƙoshi dai," in ji Zailani.

Hajiya Tasalla ta dakatar da keken ɗinki ta ce, "Jibirin, zo nan in gaya maka wata magana a kunne."

"Gwaggo, na san abin da za ki ce. Nostalgie, kewar zamanin da. Duk tsofaffi haka suke ce wa ci gaba. Ki bar ni da aikina."

A gida ma matarsa Khairiyya ta gwada. Ta ce, "Baban Hafiza, kwanar gadar nan fa ba gazawa suke yi ba, da gangan..."

Ya ɗaga mata hannu. "Duk wanda ya faɗi jarrabawa cewa yake da gangan ya yi. Shekara goma sha huɗu ina ofis, na san irinsu."

Ta kalle shi, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar Asabar ya iso da wata sabuwar na'ura fara sol, wadda ya aro wajen Munzali, tsohon abokin aikinsa da ke zaune a Yassa, can bakin gari. Cikinta akwai na goma sha biyu. Ya sa aka ture tsohuwar gefe, ya jona sabuwar, ya ce kowa ya gyara zama don yau za mu shiga ƙarni na ashirin da ɗaya. Na'urar ta yi wani kiɗa mai daɗi, sannan ta rubuto cewa sai ta sabunta kanta tukuna.

"Me ta ce?" in ji Baffa.

"Mise à jour, Baffa. Tana ƙara ilimi."

"Sabuwa ce kuma ba ta gama karatu ba?"

Ya jona ta da intanet ɗin wayarsa. Wani siririn layi ya fara tafiya a allon, tafiyar da ko Baffa da sandarsa zai ba ta rata. Muka yi hira, muka gaji. Zailani ya je gida ya ci abinci ya dawo. Layin ya kai casa'in da bakwai cikin ɗari, Jibirin ya miƙe ya ɗaga hannu sama yana cewa mu ƙirga tare, sai aka ɗauke wuta.

Washegari ya dawo da wani akwatin batir mai nauyi, irin wanda ake sa wa kwamfutocin ofis don ya riƙe wuta in an ɗauke. Ya ce sunansa ondula. Ya jona talabijin da komai a jikinsa, ya ce daga yau ɗauke wuta ya zama tarihi a wannan rumfa. Ku riƙe zancen ondulan nan, don shi kaɗai ne cikin ayyukan Jibirin ya yi abin da aka ce zai yi.

A wannan karon gem ya buɗe. Amma kafin a ba ka babur sai ka ƙera mahayin da kanka: tsawo, kauri, launin hular kwano, har siffar gemu. Zailani ya karɓi manet ya shafe rabin awa a kan gemu kaɗai, yana neman irin nasa mai furfura a gefen hagu.

"Alhaji, ka zaɓi kowanne mana!"

"Kai ka ce ci gaba ne. Ba zan shiga tsere da gemun wani ba."

Da aka gama da gemu, na'urar ta ce ba ta san wannan gida ba, ta aika lambar sirri zuwa wayar mai ita. Mai ita yana Yassa. Aka kira shi, wayar ba ta shiga. Jibirin ya tari bensikin da naktayensa, ya ce minti ashirin ya dawo. Wanda ya san hanyar Yassa ya san abin da minti ashirin ke nufi. Ya dawo bayan awa uku, ruwan sama ya jiƙa shi jagab, lambar a rubuce a tafin hannunsa, rabinta ya wanke. Ya haɗa ragowar da tunani ya danna. Na'urar ta ce lambar minti goma kawai take rayuwa, kuma ta riga ta aika wata sabuwa zuwa Yassa.

Baffa ya yi dariya har sanda ta faɗi. Ya ce, "Direkta, kai kaɗai ka yi tsere yau. Wa ya ci?"

Wani zai ji kunya. Jibirin kuwa ya mayar wa Munzali na'urarsa, ya dawo yana cewa dama gwaji ya yi, kuma gwajin ya nuna masa Turawa ma sun ɓata hanya. Ci gaban gem ba a yawan lamba yake ba, in ji shi, a shigar da mutum cikin gem ɗin yake. Immersion. Ya yanka kwalin sabulu, ya liƙa masa gilasan tabarau biyu, ya cusa wayarsa ciki tana nuna bidiyon tsere, ya ɗaura wa Zailani a fuska a kan takunkuminsa. Numfashin Alhaji ya hau sama, gilasai suka yi hazo.

"Me kake gani, Alhaji?"

"Koko."

"Ka juya kai! Ka ji kana kan hanya!"

Zailani ya juya kai, ya miƙe, ya yi taku biyu, ya rungumi bokitin wanke hannu suka zube tare. Ya tashi babbar rigarsa tana ɗiga, ya ce, "Na shiga, Direkta. Wallahi na shiga har wuya."

A nan ne ya kamata wani cikinmu ya kama Jibirin ya zaunar da shi ya faɗa masa gaskiya ko da ƙarfi. Ba mu yi ba, don mun samu abin kallo kyauta a shekarar da ba biki ba suna. Har yau ina jin kunyar wannan.

Mako guda bai leƙo ba. Ranar da ya dawo, durƙusawa ya yi gaban Baffa.

"Baffa, babur ɗinka da ke zaure, har yanzu yana nan?"

"Yana nan yana jiran in warke."

"Ka ba ni aronsa. Matsalar a manet take. Yatsa ba zai iya kwanar gada ba. Babur na gaskiya za a hau, a murɗa totur na gaskiya, a kwanta a kwana da jiki. Abin da kamfanonin duniya suka kasa, a nan unguwarmu ta New Bell za a fara shi."

Idon tsohon ya yi haske. Shekara tara bai ji kukan injin nan ba. Ya ce, "Ɗauka. Amma ka iya babur, yaro?"

"Baffa, kullum a kansa nake."

"A gaba ko a baya?"

"Principe ɗin ɗaya ne."

Ya kai babur wajen makaniki aka wanke masa ciki har ya tashi. Ya kawo shi rumfar Hajiya, ya ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya bisa wani katako, tayar baya tana lilo a iska, fuskarsa tana kallon talabijin, bayan talabijin kuma titi ne da babban lambatu. Ya ɗaure manet a jikin tanki. Ya jawo wayoyin birkin keke daga kan babur zuwa 'yar sandar juyawa ta manet. Ga totur kuwa, ya yanko roba daga cikin tsohuwar tayar keke, ya naɗa ta yadda in an murɗa za ta matse maɓallin. Yadda za ta sake shi bai zo a lissafinsa ba.

Hajiya ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Jibirin, in ka taɓa mini sunan da ke saman jerin nan, ni da kai ne."

"Gwaggo, tarihi don a karya shi ake kafa shi. Baffa da kansa zai yi alfahari."

"Ka saurare ni, ɗan nan..."

"Après, Gwaggo, sai an jima."

Ta duba wayoyin birkin da robar, ta duba ɗan wanta da ko keke bai iya ba, ta yanke a ranta cewa wannan tarkace ba zai kai ko kwanar farko ba. Mu ma haka muka yanke. Shi ya sa muka bar shi.

Ya sa ranar Lahadi bayan la'asar. Doka ta ce kada taro ya wuce mutum hamsin, don haka ya rubuta katin gayyata hamsin da hannunsa, ya tsaya yana karɓa a bakin rumfa. Sauran layin suka tsaya a ƙetaren titi, suka ce su ba taro suke ba, wucewa suke yi. An yi ruwa da rana, lambatu ya cika ya batse. Baffa ya zo da farar hula da ba ya sawa sai Juma'a, aka ajiye masa kujera a gaba.

Jibirin ya fito da naktaye, da takunkumi, da hular kwano ta aro da ta yi masa yawa. Ya yi jawabi da Faransanci, ya maimaita da Hausa. Ya ce gobe za a rubuta cewa gem ya daina rarrafe a New Bell. Sannan ya haye, ya taka kik sau tara, a na goma Zailani ya miƙa hannu ya murɗa masa makulli.

Injin ya ɗauka. Baffa ya rufe ido yana saurare.

A allon aka ƙirga uku, biyu, ɗaya. Jibirin ya sa giya kamar yadda makaniki ya nuna masa, ya murɗa totur har ƙarshe. Tayar baya ta shiga juyawa a iska tana ihu, hayaƙi ya cika rumfa, robar ta matse maɓalli, babur ɗin cikin talabijin ya fita kamar an harbo shi. Abin mamaki, abin ya yi aiki. Jibirin ya waiwayo yana ihu, "Vous voyez? Kun gani?"

Sai ga kwanar farko. Ya tuna bidiyon da ya gani na masu tsere suna kwanciya har gwiwa ta taɓa ƙasa. Ya kwanta.

Ƙafar tsakiya ta zame daga katako. Tayar baya ta taɓa siminti. Babur ɗin Baffa, da ya shekara tara yana jiran wannan rana, bai tsaya tambayar wanda ke kansa ba. Ya goge gefen teburin talabijin, wayoyin birki suka tsinke, manet ta ɓalle ta faɗo kan tabarma. Ya bi ta cikin shanyar Hajiya, Jibirin ya fita da zani a fuska. Ya sake bi ta kan bokitin wanke hannu, wanda bai gama farfaɗowa daga Zailani ba. Masu wucewa na ƙetaren titi suka wuce da gaske a wannan karon. Babur ya tsaya cak a bakin lambatu, ya kwanta a gefe, Jibirin kuwa bai tsaya ba. Muka ji tsulum.

Duk muka yi kansa da gudu muna dariya, har da masu hawaye. Aka miƙa masa gora. Muryar Hajiya ce ta tsayar da mu.

"Manet! Jama'a, manet!"

Muka juyo. Manet tana kan tabarma, robar tana nan naɗe, ta danne maɓallin totur. A allon, babur ba mahayi mai tunani, yana ta gogar shinge yana gaba, ba ya sassautawa ko kaɗan. Ya wuce tudu, ya wuce gonar ayaba. Agogo na cewa minti ɗaya da hamsin. Ga gada can tana tahowa.

Hajiya ta faɗa kan manet tana cizgar robar da farce. Ashe Jibirin ya yi wa robar ƙulli uku irin na ɗaurin kaya a tashar jirgi. Ta yi ihu a kawo almakashi, almakashi kuwa ya ɓace cikin tarkacen da babur ya watsar. Zailani ya yi tsalle kamar saurayi ya fizge filogi daga bango. Ondula ya yi ɗan ƙara, tiit, talabijin ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Roba ba ta san Baffa ba. Ta shiga kwanar gada da totur a ƙure, ta daki shinge, ta fita, ta tsallake layi. Minti biyu da daƙiƙa tara. Na'urar ta buga kiɗan da rabon mu ji shi shekara tara, ta tura BOBBO layi na biyu, ta bar saman a buɗe tana jiran suna.

Ba wanda ya yi motsi. Ni dai ban iya kallon kujerar katako ba.

Jibirin ya iso baƙi ƙirin tun daga hula har takalmi, ledar ruwa maƙale a kafaɗarsa, yana wari. Ya ga allon. Ya ɗaga hannu biyu.

"Record! Na ce muku! Shekara tara, ni a rana ɗaya! Gwaggo, ba ni manet in sa sunana. Me ya sa kuka yi shiru? Ku tafa mana!"

Khairiyya ce ta matso kusa da shi, duk da warin, ta faɗa masa a hankali abin da ya ƙi ji sau uku. Muka ga hannuwansa suna sauka. 

Baffa ya ce, "Wa ke riƙe da totur da aka shiga kwanar?"

Zailani ya ce, "Ba kowa, Baffa. Roba ce. Bari mu sa sunanka, ai babur ɗinka ne..."

"A'a. Wanda ya ci shi ake rubutawa. Hajiya, rubuta ROBA."

Ta rubuta. Ta ce, "Baffa, ka yafe mana."

"Me zan yafe? Shekara ashirin da biyu na yi a kan babur. Kuna tsammanin kunnena bai san totur da aka saki da gangan ba? Tun makon farko na sani. Kai Zailani ma ba ka iya ƙarya ba, tun kafin a ga gadar kake ɗaga yatsa." Ya share fuska da hannunsa mai lafiya. "Ba sunan nake zuwa gani ba. Sunan ai na san shi. Sakin nan nake zuwa gani. Mutum ya zauna a ɗaki ba ya amfanar kowa, sai ya fito ya ga kullum mutum goma suna sakar masa hanya. To, yanzu asiri ya tonu. Ku hau da gaske, in ga wani ya shiga kwanar nan kamar ɗan bensikin kafin in mutu."

Aka yanke robar. Hajiya Tasalla ta ɗaure ɗankwali, ta zauna. Duk layin ba wanda ya kai ta, mun daɗe da sanin haka. Ta fita ba ta taɓa shinge ko sau ɗaya ba. Ta wuce tudu, ta wuce gonar ayaba, agogo na cewa minti ɗaya da arba'in da biyar. Da wannan gudun ko roba sai ta ji kunya. Ga gada.

Ta ɗaga yatsa.

Babur ya yi sanyi, daƙiƙu suka wuce, ta tsallake layi a biyu da goma sha uku. Ta ajiye manet a cinya ta ce, "Yatsan ne ya saba."

Baffa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga sanda ya buga a ƙasa.

"Raguwa! Kwanar gada ta maza ce!"

Muka yi dariyar da ta fi ta kullum ƙarfi, don kowa na neman inda zai ɓoye fuskarsa.

Har yau ROBA ce a sama, BOBBO na biye, kuma babu ɗan Adam da ya shiga tsakaninsu ko ya hau kansu. Jibirin ya gyara babur ɗin ya mayar zaure, ya saya wa Hajiya sabon bokiti. Sunan Direkta ya mutu a lambatu, yanzu Injiniya Roba ake kiransa, kuma ya karɓi wannan ma, yana gaya wa baƙi cewa ƙirƙirarsa ce ke riƙe da tarihin unguwa.

Sai da aka yi wata guda kafin ya zauna a tabarma, ba naktaye, ya ce a ba shi manet. Ya danne totur, shinge ya yi ta tura shi, ya iso gada da lokacin da zai iya wuce Baffa. Duk muka ƙura wa yatsansa ido. Muka ga ya tashi daga kan maɓalli.

"Rago!" in ji Baffa, sanda na dukan ƙasa.

Jibirin ya juya manet ɗin sama da ƙasa yana dubawa, ya yi tsaki.

"Manet ɗin ce ta tsufa," in ji shi. "Tun farko na gaya muku."